Kada Ka Kashe Firewall Don Remote Desktop Ya Ƙi Shiga

Duk wanda ya taɓa gwada shiga kwamfutarsa daga waya ta Remote Desktop ya san takaicin saƙon da ke cewa an kasa haɗawa. Shawarar da aka fi bayarwa kuwa ita ce a kashe firewall. Wani lokaci hakan yana aiki, amma a ganina babu shawarar da ta fi ta muni. Daidai take da mutum ya cire ƙyauren gidansa saboda makulli ɗaya ya ƙi buɗuwa.

Kowace manhaja da ke karɓar baƙi ta hanyar sadarwa tana da ƙofarta mai lamba, wadda ake kira port. Ta Remote Desktop a Windows ita ce 3389. Kafin ka taɓa komai, ƙwanƙwasa wannan ƙofar ka ji amsarta. Aikin Nmap ke nan, manhajar kyauta da ta fito tun 1997, wadda ake iya sakawa a Android ta cikin Termux. Ka haɗa waya da kwamfutar a Wi-Fi ɗaya, ka rubuta nmap -Pn -p 3389 sannan adireshin IP na kwamfutar.

Idan amsar ta zo open, ƙofa a buɗe take, sai ka duba sunan shiga da kalmar sirri. Idan closed ce, saƙonka ya isa, amma babu manhajar da ke sauraro. Ko dai ba a kunna Remote Desktop ba, ko kuma Windows Home kake da shi, wanda ba ya karɓar irin wannan haɗin. A duka biyun firewall ba shi da laifi.

Filtered ce kaɗai ke nuna wani abu ya haɗiye saƙon a hanya. Nan ma gyaran ƙarami ne: tabbatar Remote Desktop a kunne yake, ka ba shi izini shi kaɗai a jerin manhajojin da firewall ke bari su wuce, sannan ka duba ko Windows ya ɗauki Wi-Fi ɗinka a matsayin Public alhali izinin na Private ne.

Wani zai ce a gida yana shiga, da ya fita ya koma kan data sai ya ƙi. Sau da yawa layukan waya da MiFi suna raba adireshin IP ɗaya ga mutane masu yawa, don haka babu hanyar da saƙo daga waje zai gane kwamfutarka. Ko da kana da adireshin kanka, kada ka buɗe 3389 ga duk intanet. Masu kutse suna laluben wannan ƙofar dare da rana. A Mayun 2019, raunin BlueKeep ya sa Microsoft ya fitar da gyara har ga Windows XP da ya daina kula da shi tun 2014. Hanyar da ta fi aminci ita ce VPN irin su WireGuard ko Tailscale.

Gargaɗi ɗaya: ka yi wannan bincike a kan na'urorinka kawai, ko waɗanda mai su ya ba ka izini. A Najeriya, dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba.

Binciken ba ya cin minti ɗaya. Kashe firewall kuwa yana iya cinye maka hotuna, takardu da kalmomin sirrin da ke cikin kwamfutar.