Kada Mu Binne Dutsen Gidanmu Da Tayil

Yau na ɗan ajiye labarinmu gefe, saboda wani abu da ya tsaya mini a rai tun dawowata daga Tsafe.

A tsakar gidanmu na gado akwai daɓen dutse, irin falalen duwatsun nan da Allah Ya hore wa yankinmu tun daga Tsafe har Kwatarkwashi. Kakanmu ne ya sa aka jera su, shekaru aru-aru kafin a cire Zamfara daga jihar Sakkwato a 1996. Da bikin 'yar yayana ya matso, sai ya ce a wanke shi da asid, in bai yi haske ba a rufe da tayil. Na ce, "Haba Yaya, don Allah a bar mini shi kwana uku."

Jama'a, asid ba wanki yake yi ba, ci yake yi. Dutse irin namu yana da tauri, amma simintin da ke tsakaninsa ba ya jurewa. Yana rugurgujewa ruwan damina ya shige, duwatsun su fara motsi. In kuwa mabul ne ko tarazo, ruwan lemun tsami kaɗai ya isa ya kashe ƙyallinsa.

Abin da muka yi ba wani abin a zo a gani ba ne: ruwan ɗumi, sabulu kaɗan, buroshi, a ɗauraye sosai. Inda manja ya zauna muka kwaɓa toka muka shafa ta kwana. Magini ya cike ramukan da sabon siminti.

Ban ce tayil ba shi da amfani ba, a ɗaki yana da daɗin gogewa. Amma a tsakar gida? In an yi ruwa santsi gare shi, ga Inna da ciwon ƙafa, ga turmi da zai farfasa shi. Haka fa muka yi sake da daɓen makuba, yanzu 'yan mata nawa suka san madaɓi?

Yaya dai bai ce na yi gaskiya ba, amma kuɗin tayil ɗin sun tafi ga kayan ɗakin amarya.

Mu haɗu mako mai zuwa don ci gaban labarinmu, in Allah Ya kai mu.