A nemi jan layi kafin a ba magini kuɗi

Jama'a, duk kwamitin da ke shirin gina aji ko ɗakin shan magani, kada ya karɓi "nan da wata biyu in sha Allah" da baki kawai. Ya nemi jadawali, ya kuma ce a nuna masa silsilar ayyukan da ba sa ɗaukar jinkiri.

Wannan dabara da ake kira CPM ta fito ne daga Amurka a 1957, lokacin da Morgan Walker na kamfanin DuPont da James Kelley na Remington Rand suka tsara ta. Yau manhajoji irin su Microsoft Project da Primavera da ita suke lissafi, kuma ProjectLibre kyauta ce. Kai dai ka shigar da kowane aiki, kwanakin da zai ci, da aikin da dole ya riga shi. Manhajar za ta zaƙulo jerin da ya fi tsawo, yawanci ta yi masa jan launi. Wannan jerin shi ke yanke ranar gamawa.

Mu ɗauki misali. Harsashi kwana 10, ɗora bulo 15, zuba kankare 7, rufi 8, filasta 10, fenti 5. Jimilla kwana 55 ke nan, kowanne yana jiran na gabansa. Kafinta kuwa kwana 20 sun ishe shi haɗa bencina, yana da rarar kwana 35. To kun ga, in kafinta ya makara mako guda, ba a yi asarar komai ba. In kwanon rufi ya makara kwana uku, buɗe makaranta ya ja kwana uku, in kuma damina ta kama ginin a buɗe, abin ya fi haka muni.

Wani zai ce ai tsohon magini ya san duk wannan a kansa. Gaskiya ne, amma kwamiti da iyayen da suka yi karo-karo ba sa ganin abin da ke kansa. In yana rubuce, kowa zai san inda za a tura kuɗi farko, da wanda za a tambaya in aiki ya tsaya.

Sai dai manhaja abin da aka zuba mata shi take lissafawa. In an rubuta kwana biyu inda ake buƙatar bakwai don a faranta wa kwamiti rai, ranar ƙarya za ta bayar. Haka kuma tara kuɗi da jiran izinin gini ayyuka ne masu cin kwanaki, dole su shiga jadawalin. A kuma riƙa sabunta shi duk mako, domin kafintan nan in ya cinye kwana 35 ɗinsa, shi ma ya koma kan jan layi.

Ko babu kwamfuta, alli da allo sun isa ginin aji uku. Kwamiti ya zauna da magini a zana jerin tun kafin a sayi buhun siminti na farko.