Jiyya A Gida, Likita A Nesa

Sa'ad da annobar korona ta mamaye duniya a shekarar 2020, gadajen asibiti suka kāsa, har a manyan ƙasashe. Sai likitoci suka ga wajibi ne a bar waɗanda ciwonsu bai tsananta ba, da waɗanda suka fara farfaɗowa, su yi jiyya a gida. Amma cutar tana da makirci. Iskar da ke cikin jinin mutum takan ragu ƙwarai shi kuwa bai ji numfashinsa ya sarƙe ba, sai an kawo shi asibiti a makare.

Domin wannan Hukumar Lafiya ta Ingila ta kafa wani shiri cikin watan Nuwamba 1920 da ɗari, watau 2020. Akan ba majiyyaci wata 'yar na'ura da ake maƙala wa a yatsa, wadda wani injiniya Bajapane, Takuo Aoyagi, ya ƙago dabararta wajen 1972. Tana haska yatsa, ta nuna yawan iskar da jini ke ɗauke da ita. Majiyyaci yakan auna sau uku a yini har kwana 14, ya rubuta, ma'aikatan jiyya kuwa suna tuntuɓarsa ta waya. In awo ya nuna 95 ko fiye, lafiya lau. In 93 ne ko 94, a nemi likita. In ya sauka 92, sai asibiti ba jinkiri.

To, abin da muke so masu karatu su lura da shi shi ne, na'urar kaɗai ba ta ceton rai. A Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka an yi wani shiri inda ake aika wa majiyyata saƙon waya sau biyu a yini ana tambayar numfashinsu, wanda ya ce ya tsananta nan da nan ma'aikaciyar jiyya ta kira shi. An ga mace-mace sun ragu. Da aka ƙara wa waɗansunsu na'urar, binciken da aka buga a 2022 bai nuna wani ƙarin amfani ba. Ashe ƙarfin shirin yana ga wanda ke amsa kira.

Akwai kuma wata magana da ta shafe mu kai tsaye. A Disamba 2020 likitocin Jami'ar Mishigan suka bayyana cewa na'urar takan ɓoye ƙarancin iska ga baƙar fata kusan ninki uku bisa ga yadda takan yi ga Turawa. Sanyin yatsa da jan farce da baƙin lalle su ma sukan ruɗa ta.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, duk hukumar da ta yi niyyar kwaikwayon wannan tsari, kada ta fara da sayen na'urori. Ta fara tanadin ma'aikacin da zai ɗauki waya dare da rana, da motar ɗauko majiyyaci, da iskar numfashi a asibiti. Malaman makaranta da akawuna kuwa, su da ake kawo wa takarda su karanta, su faɗakar da jama'a: in numfashi ya yi wuya, ko leɓe ya sāke launi, a tafi asibiti ko da awo ya nuna lafiya.