Hoton littafi ba sabon littafi ba ne

Malamin tarihi a Kwalejin Rumfa, kusa da Ƙofar Ɗan Agundi, yana iya buɗe wayarsa ya ga rubuce-rubucen hannu na ƙasar Hausa da aka ɗauki hotonsu aka sa a intanet. Sai dai gani daban, izini daban. Zai iya buga shafi guda a littafin ɗalibai ya sayar? Galibi amsar tana hannun wanda ya ɗauki hoton.

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare rubutu har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa. Ke nan littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, sun daɗe da zama na kowa. Abin da Malam Umaru Falke na Kano ya wallafa da kansa kuwa yana da sauran kariya, domin a 1962 ya rasu, ko da yake taskar littattafansa tana Jami'ar Northwestern a Amurka. Ba na'urar ɗaukar hoto ke raba waɗannan biyu ba. Shekarar rasuwa ce.

Shirin ceto taskoki na ɗakin karatun Birtaniya, wanda aka fara a 2004, ya yi aikin alheri, amma yawancin hotunansa an hana amfani da su don kasuwanci. Sharaɗin yana da kyakkyawar niyya, sai dai mai ɗab'i na Kano, wanda dole ya mayar da kuɗin takarda, shi yake fara ƙuntatawa.

Ya kamata Jami'ar Bayero da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano su fito da matsayi bayyananne. Bayanan kundi, wato sunan littafi, marubuci, kwafa da shekara, a sake su ba sharaɗi, kamar yadda taskar Europeana ta yi tun 2012 da lasisin CC0. Hoton abin da kariyarsa ta ƙare a bar shi na kowa. Takardun gida da na sirri kuma, masu su za a tambaya kafin a fitar.

Wannan ba baƙon abu ba ne a birni. Ɗalibin zaure yakan ari littafi ya kwafa, ya ambaci mawallafi, ya sa sunansa a ƙarshe, ya nemi addu'a. Sharaɗin magabata shi ne ambato da amana. Ɗakin karatun da ya ƙara ƙulli a kan haka ya tsare takarda, ya tauye ilimin da ke cikinta.