Matasan Taraba Sun Samu Damar Takara, Saura Mu Mara Musu Baya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana mutanen Jalingo da na jihar Taraba baki ɗaya, a kan matasanmu masu son tsayawa takarar kansila, shugabancin ƙaramar hukuma da majalisar dokokin jiha.

Ranar 31 ga Mayu, 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan gyaran tsarin mulkin da ya rage shekarun tsayawa takara. Na majalisar jiha da majalisar wakilai suka sauko daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Mu a Taraba muna da namu labarin a cikin wannan gyara. Da aka aiko wa majalisun jihohi ƙudurin, majalisarmu da ke nan Jalingo ta fara ƙin amincewa da shi. Sai da ƙungiyoyin matasa suka tayar da jijiyar wuya, suka sa ta cikin jerin waɗanda suka yi abin kunya, sannan ta sake zama ta amince. Ke nan tun ranar farko, ba a miƙa wa yaranmu wannan dama a ruwan sanyi ba.

A wasu jihohin dokar ta fara haifar da ɗa mai ido. A 2019 Nasiru Mu'azu Magarya a Zamfara da Abok Ayuba a Filato suka zama kakakin majalisa, dukkansu ba su kai shekara 35 ba. A 2023 Rukayat Shittu ta ci kujerar majalisar jihar Kwara tana da shekara 26. To, me zai hana ɗan Sintali ko 'yar Kona a nan Jalingo yin haka?

Amsar ba ɓoyayya ba ce: kuɗi da iyayen gida. A 2022 jam'iyyar APC ta sa wa fom ɗin takarar majalisar jiha naira miliyan 2, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 30,000. Albashin ƙaramin ma'aikaci na fiye da shekara 5 ke nan, ko sisi bai taɓa ba. An yi wa matasa rangwame, amma fom somin taɓi ne. Bayansa akwai daliget, waɗanda ake kwasa a killace a otal daren zaɓen fid da gwani, gari na wayewa kowa ya san wanda zai ci. Idan matashi ya ga ba zai iya ba, sai ya nemi ubangida ya saya masa fom, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Duk wanda ya ga lokacin kamfe a Jalingo ya san aikin da aka ware wa matasa. Su ne ke yawo da bokitin koko da dare suna manna fasta a bangon mutane. Su ne ke cika keke da akori-kura, lasifika na ta amo, ana zagaya titin Hammaruwa har ƙofar babbar kasuwa. Da yamma a jera su a ƙofar gidan ɗan takara, a miƙa wa kowa dubu ɗaya ko biyu, a ce sai gobe. Wanda ya ji rauni a rikicin bangar siyasa kuwa, uwarsa ce ke jinyarsa. Cikin waɗannan yara akwai masu digiri daga Jami'ar Jihar Taraba, akwai masu sana'ar hannu da suka san matsalar unguwarsu gida-gida. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Na fi damuwa da ƙananan kujeru saboda a nan rayuwar talaka take. Kansila ne ya kamata ya san magudanar da ta toshe kafin damina ta sa kogin Mayo-Gwoi ya yi ambaliya cikin gidajen mutane. Shi ya kamata ya san asibitin unguwar da ba magani, da firamaren da yara ke zama a ƙasa. Gwamna Agbu Kefas ya ayyana ilimin firamare da sakandare kyauta a 2023, amma sai da mai sa ido a kowace mazaɓa za a san ko alkawarin ya isa cikin aji. Haka kuma ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta shugabannin riƙo. In hukuncin ya tabbata a aikace, kujerun ƙananan hukumominmu 16 za su yi nauyin da ba su taɓa yi ba. Wa muke shirin ɗorawa a kai?

Sai dai ƙuruciya kaɗai ba shaida ba ce. Jolly Nyame ya hau kujerar gwamnan Taraba a 1992 yana da shekara 36, amma a 2018 kotu ta ɗaure shi kan almundahanar kuɗin jiha, kafin a yi masa afuwa a 2022. Abubakar Rimi kuwa ya zama gwamnan Kano a 1979 bai cika 40 ba, ya soke haraji da jangali, saboda ya fito daga makarantar Malam Aminu Kano, inda aka san abin da ake nema wa talaka tun kafin a nemi kujera. Don haka idan matashi ya zo neman ƙuri'a, mu tambaye shi: wane aiki ka taɓa yi wa unguwa ba tare da muƙami ba? Wa ya saya maka fom? Za ka riƙa karanta mana kasafin kuɗi a bainar jama'a? Kuma a jiha irin tamu, mai Mumuye da Jukun da Fulani da Kuteb da Tibi da Hausawa da sauransu, mu duba ko yana shiga unguwar da ba ta addininsa ko yarensa ba. Wanda jarinsa raba masallaci da coci, tsohuwar siyasa yake yi ko da shekararsa 25.

Idan muka samu na ƙwarai, yabo a Facebook ba zai kai shi ko'ina ba. Matasa su yanki katin jam'iyya a mazaɓunsu, su nemi muƙaman jam'iyya na mazaɓa, domin daga nan ake fitar da ɗan takara. 'Yan kasuwa, masu keke da ƙungiyoyin mata su yi karo-karo: mutum 2,000 kowa ya ba da naira 1,000, an haɗa miliyan 2, kuma ɗan takarar ya san jama'a ce ke binsa bashi. A samu amintattun wakilai da za su tsaya a akwati har a ƙirga ƙuri'a a sa hannu a takardar sakamako. Iyaye kuma mu daina cewa yaro ya bari sai lokacinsa ya yi, musamman 'ya'ya mata. Jihar da ta haifi Hajiya A'isha Jummai Alhassan, Mama Taraba, bai dace ta ce mace ba za ta iya ba.

Ina kira ga jam'iyyu su sauko da kuɗin fom na kansila da majalisar jiha yadda malamin makaranta zai iya saye. Ina kira ga hukumar zaɓe ta jiha ta bar ƙuri'a ta yi aikinta, ko da jam'iyya mai mulki za ta rasa kujera. Zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma wanda bai karɓi katin zaɓensa ba ya riga ya bar wa wasu hukunci.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, Ya zaunar da Taraba lafiya.

Naka mai karatu a kullum,
Wani malamin makaranta,
Sabon Gari, Jalingo, Jihar Taraba.