Na'ura Kaɗai Ba Ta Isa Ba

Da na je hutu na tarar ɓarin jikin kawuna na dama ya shanye. Mutanen gida suka ce iska ce, likita ya ce hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. A sashen gashi ana manna masa wayoyi a damtse, 'yar wutar lantarki ta sa yatsunsa su miƙe, ba tsaga ba allura. Akwai ma ta maganaɗisu da ake ɗorawa a ka, wadda aka ƙera a Ingila a 1985.

Amma a ganina, 'yan'uwa ɗalibai, masu jinya sun cika sakar wa na'ura komai, alhali sai hannu ya yi ta maimaita aiki ƙwaƙwalwa ke sake koyo. Kawu kuwa in ya dawo gida, ko cokali ba a barinsa ya ɗauka, wai tausayi.