RA'AYINMU: Darakta ya sauko daga biro

Akwai wata irin mutuwa a asibiti wadda dangi ba su sanin sunanta. An kawo mutum bayan haɗarin mota, likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, har ya fara buɗe ido yana gane masu zuwa gaishe shi. Bayan kwana biyar ko shida sai zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, kafin a ankara an fito da gawa. Sai a ce kwana ya ƙare. Kwana kam ya ƙare, ba mu ja. Amma sau da yawa ba raunin da ya zo da shi ne ya kai shi ba. Ƙwayar cuta ce ta bi wani siririn tiyo na roba ta shiga jininsa.

Wannan tiyo, da likitoci ke ce wa katetar, ba allurar ƙarin ruwa ba ce da kowa ya saba gani a bayan hannu. Ana zura shi ne cikin babbar jijiya, ta wuya ko saman ƙirji ko matsematsi, har ya dangana da manyan hanyoyin da ke kai jini zuciya. Ta nan ake ba mai ciwo mai tsanani magani da abinci, da irinsa ne kuma ake yi wa masu ciwon ƙoda da dama wankin jini. Ƙofa ce buɗaɗɗiya: duk dauɗar da ke fatar marar lafiya ko hannun mai aiki ta sami hanya.

Yadda ake tsare wannan ƙofa ba asiri ba ne. A 2001 wani likita na asibitin Johns Hopkins a Amurka, Peter Pronovost, ya taƙaita abin a takarda guda: a wanke hannu, a sa hula da takunkumi da riga da safar hannu a kuma lulluɓe marar lafiya da ƙyalle mai tsabta, a goge fata da maganin kulorheksidin, a guji matsematsi in da hali, a cire tiyon ranar da ya gama amfani. Babu likitan da bai san wannan ba tun yana makaranta. Duk da haka, da masu jinya suka sa ido, sai suka ga a sama da kashi ɗaya cikin uku na aikin ana tsallake wani mataki.

Nan ne maganar ta bar hannun likita ta koma hannun shugabanni. An ba mai jinya ikon ta tsayar da likita in ya tsallake mataki. Ku da kuka yi aikin gwamnati kun san nauyin wannan: yaushe ƙaramin ma'aikaci ya isa ya ce wa babba tsaya? Ba ya faɗa sai ya tabbata cewa gobe ba za a tura shi ƙauye ba, kuma ba wanda zai ba shi wannan tabbaci in ba mai sa hannu a takardar ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma sai shugaba ya faɗi haka da bakinsa a gaban kowa.

Daga 2004 aka gwada abin a faɗin jihar Mishigan, ɗakunan masu ciwo mai tsanani 103 suka riƙa ba da lissafi. Ga yadda ake ƙidayar: a haɗa kwanakin da tiyo ya yi a jikin marasa lafiya, a duba sau nawa cuta ta shiga jini cikin kowane kwana 1000. Da farko matsakaicin adadin 7.7 ne, bayan wata 18 ya koma 1.4. An buga sakamakon a Disamba 2006. Duniya ta yi ta yabon takardar, mu kuwa wani abu ne daban ya ja hankalinmu. An ɗora wa kowane ɗaki wani babba daga cikin shugabannin asibitin, wanda dole ya sauko duk wata ya zauna da masu aiki, ya ji abin da ya rasa, ya tafi da aikin samo shi. Da farko mafi yawan ɗakunan nan ba su da kulorheksidin ma, a ƙasar da ta fi kowace kashe kuɗi a kan lafiya! Mai jinya ba ta da ikon sayensa. Da aka sa shugabanni a gaba, cikin makonni kaɗan ya samu.

Kada a ɗauka sa hannun manya kawai ya isa. Ingila ta kwaikwayi Mishigan daga 2009 zuwa 2011. Cutar ta ragu, amma ta ragu har a ɗakunan da ba su riga sun shiga shirin ba, kuma masu binciken da suka zauna cikin ɗakunan sun tarar cewa a wurare da yawa ma'aikata sun karɓi abin a matsayin wani umarni daga sama, irin wanda ake cikawa a mayar. Takardar da aka turo daga biro daban, shugaban da ya zo da ƙafarsa daban.

Me ya shafe mu? Ana sa irin wannan tiyo a manyan asibitocinmu, a ɗakin reyanimasiyo da wurin wankin ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022, cikin mutum 100 da aka kwantar a asibiti, 7 ne ke ɗaukar wata sabuwar cuta a ƙasashe masu arziki, 15 a ƙasashe irin namu. Kuma duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa ya san wa ke biya: kowane ƙarin kwana sabuwar takardar magani ce, ɗan kasuwa ya taɓa jari, ma'aikaci ya ci bashin albashin da bai zo ba. Alhali abin da ke hana cutar, ruwa a famfo ne, da sabulu, da safar hannu, da ƙyalle mai tsabta. Waɗannan duka a kasafin darakta suke, ba a aljihun majo ba.

Saboda haka muna neman kowane daraktan babban asibiti ya san adadin waɗanda cuta ta shiga jininsu ta tiyo a watan jiya, kamar yadda ya san kuɗin da suka shiga akwati. In ba a ƙidayawa, ya sa a fara. Dakin gwajin jini yana ƙarƙashinsa. Ya ware yini guda duk wata ya shiga ɗakin, ba da rakiya ba, ya tambayi mai jinya abin da ya ƙare, ya dawo wata mai zuwa da amsa. Ma'aikatar lafiya kuma, in ta tashi naɗa darakta ko sabunta shi, ta nemi wannan adadi kafin ta duba katin jam'iyyarsa. Ƴan majalisa da ke zaman kasafin kuɗin lafiya su ma suna iya tambayar minista shi.